Filin Lafiya: Tiyatar Ƙashin Baya ga Dattawan da Suka Haura Shekara Tamanin

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu yana da kimanin shekara 84 a duniya. Tun bara ƙafafunsa suke sagewa idan ya ɗan yi tafiya, har ta kai ko masallacin da ke ƙarshen layinmu zai je sai ya tsaya sau biyu ya zauna a dakalin maƙwabta kafin ya isa. An yi masa hoton MRI, likitan ƙashi ya ce hanyar da jijiyoyi suke bi a cikin ƙashin bayansa, wajen ƙugu, ta tsuke, kuma tiyata ce kawai za ta buɗe ta. Yanzu kanmu ya rabu biyu. Babban yayanmu ya ce mai shekaru irin na Baba ba ya tashi daga allurar barci, ni kuwa ina ganin yadda zaman gida yake cin sa. Shin akwai yadda likitoci suke ganewa, tun kafin a shiga ɗakin tiyata, ko jikinsa zai ɗauka?
Daga wata 'yar Baba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Baba lafiya, ku kuma Ya saka muku da alheri. Hanyoyin suna nan, kuma a asibitin da ya amsa sunansa ba a kwantar da dattijo irin Baba a gadon tiyata sai an bi su. Amma kafin in zo kansu, bari in ɗan gyara maganar yayanku. A yau da wuya a ce allurar barci ce kaɗai ta yi sanadin rasuwar mutum a kan gadon tiyata. Kwanakin da suke biyo baya su ne likitoci suka fi jin tsoro: ciwon huhu saboda doguwar kwanciya da rashin ƙarfin yin tari, zuciyar da ta kasa ɗaukar wahala, ƙodar da ta daina tace fitsari, jinin da ya daskare a jijiyar ƙafa ya gangara huhu, wurin ɗinki da ya yi ruwa, da kuma rikicewar hankali. Duk awon da za a yi wa Baba, waɗannan ake ƙoƙarin hangowa.

Na lura kin rubuta "kimanin". Haka yawancin dattawanmu suke, babu takardar haihuwa, shekarun da ke jikin katin asibiti kuwa sau da yawa kintace ne da aka yi a teburin yankar kati. Wannan bai dame ni ba, domin ko da yake haɗari yana ƙaruwa idan shekaru suka ja, adadin shekarun shi kaɗai awo ne mai rauni. Magidanta biyu sukan yi kama da juna lokacin kaka, sai damina ta yi nisa, sabon gero bai nuna ba, sannan ake gane wanda ke da sauran hatsi a rumbu. Babbar tiyata irin wannan lokaci ce ga jikin tsoho, shi ya sa muke so mu leƙa rumbun tun da wuri.

A shekarar 2001 wata likita a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Linda Fried, ita da abokan aikinta, suka bi bayanan tsofaffi fiye da 5,000, suka fito da alamomi biyar na wannan raunin tsufa: rama ba tare da niyya ba, wadda ta kai kilo huɗu da rabi a cikin shekara guda, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, tafiyar da ta yi sanyi, da ƙarancin zirga-zirga. Wanda aka samu da uku ko fiye, an ɗauke shi mai rauni, kuma bincike da yawa da suka biyo baya sun nuna irinsu ne suka fi haɗuwa da matsala bayan tiyata, suka fi daɗewa a gadon asibiti, suka kuma fi kasa komawa yadda suke a da.

Ni kaina nakan fara awon tun kafin in buɗe fayil. Akwai wata safiya da na ga dattawa biyu a jere, duka da irin ciwon Baba. Na farko katinsa ya ce 86, ya shigo da sandarsa shi kaɗai, da muka yi musabaha sai da na ji yatsuna sun haɗu, ya kuma gyara wa jikansa sunan maganin hawan jinin da yake sha. Na biyu bai cika tamanin ba, amma 'ya'yansa biyu ne suka zaunar da shi, babbar rigarsa tana zamewa daga kafaɗa, agogon hannunsa yana reto har kusa da gwiwar hannu, alamar tsokar da ta cika shi a da ta tafi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na farkon aka yi wa tiyata, na biyun kuwa sai da muka fara da abinci da gashin ƙashi da gyaran jini.

Ke ma za ki iya yin rabin wannan awon a gida. Baba yana tashi daga sujada ba tare da dafa bango ba? Shi yake ɗaukar butarsa, ya yi wanka, ya sa kaya da kansa? Yana cinye tuwonsa, ko kwanon yana dawowa kamar yadda aka kai? Ya faɗi a cikin shekarar nan? A asibiti akwai gwajin da ake sa mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Wanda ya ci daƙiƙa 12 ko fiye ana sa masa ido. Sai dai a nan akwai tarko, domin ciwon Baba shi kansa yana rage saurin tafiya, kuma masu wannan tsukewa sukan ji daɗin ruku'u da zama fiye da tsayuwa a miƙe. Aikin likita ne ya bambance tsakanin ƙafar da jijiya ta hana tafiya, wadda tiyata za ta iya kwance wa, da jikin da ƙarfinsa gaba ɗaya ya tafi, wanda wuƙa ba ta da abin da za ta ƙara masa.

Daga nan sai ma'aunan da ake rubutawa a takarda. Likitan allurar barci zai ba Baba mataki a ma'aunin ASA, wanda ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fara fitarwa a 1941: mataki na 1 shi ne mai cikakkiyar lafiya, na 2 mai ciwo marar tsanani kamar hawan jinin da magani ya riƙe, na 3 mai ciwo mai tsanani, na 4 kuwa wanda ciwonsa yake barazana ga ransa kullum. Akwai kuma wani gajeren ma'auni da likitocin ƙashin baya suke yawan amfani da shi, mai tambaya biyar kacal: ciwon suga, hawan jinin da ake shan magani, gazawar zuciya, daɗaɗɗen ciwon huhu, da dogaro da wani wajen hidimar yau da kullum. Za a auna yawan jini, aikin ƙoda, suga na watanni uku da suka wuce, da sinadarin albumin, wanda idan ya gaza 3.5 yakan nuna jiki yana cikin yunwa ko ciwo, kuma ɗinki ba ya saurin kamawa. Ina roƙonki ku tattara duk abin da Baba yake sha a leda ɗaya ku kai, har da na kemis da jiƙo da sassaƙe. Tsoho mai ciwon baya da wuya a ce bai shekara yana shan diclofenac ko ibuprofen ba, su kuwa suna cin ƙoda a ɓoye, haka nan asfirin da sauran magungunan tsinka jini dole likita ya san da su ya tsara ranar dakatarwa.

Yanzu ga abin da iyalai suka fi mantawa, alhali a nan ne suke da ta cewa. Sunan "tiyatar baya" ya haɗa ayyukan da ba su yi kusa da juna a nauyi ba. Akwai buɗe hanya kawai, inda ake sassaƙe ɗan ƙashi da kaurarren naman da ya danne jijiyoyi a gaɓa ɗaya ko biyu, jinin da ake zubarwa kaɗan ne, kuma mutum yakan taka ƙasa washegari. Akwai kuma haɗe gaɓoɓi da kusoshi da sandunan ƙarfe, wanda yake ɗaukar sa'o'i, ya ci jini, ya bar babban rauni. A 2010 wani likita a Amurka, Richard Deyo, da abokan aikinsa sun buga a mujallar JAMA abin da suka gani a bayanan tsofaffin Amurka fiye da 32,000 da aka yi wa tiyata saboda wannan tsukewa. Matsalar da take barazana ga rai ta sami kashi 2.3 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa hanya kawai, amma ta kai kashi 5.6 a cikin waɗanda aka yi wa babban aikin ƙarfe. Waɗanda aka sake kwantarwa cikin kwana 30 kuwa kashi 7.8 ne a rukunin farko, kashi 13 a na biyu. Sannan a 2016 wani gwaji da aka yi a ƙasar Suwidin kan mutum 247 ya nuna cewa ƙara ƙarfe bai sa sun fi jin sauƙi ba bayan shekara biyu, har ma bayan biyar, sai dai ya tsawaita kwanciyarsu daga kimanin kwana 4 zuwa 7. Gwajin ya tsaya ne a kan 'yan shekara 50 zuwa 80, don haka sa'o'in Baba ba sa ciki, amma hankali ba zai ba da cewa jikin ɗan 84 ya fi nasu jure babban aiki ba.

Ban ce ƙarfe ba shi da rana ba. Idan gaɓar tana zamewa gaba da baya lokacin da mutum ya sunkuya ko ya miƙe, ko baya ya karkace sosai, wani lokaci babu makawa. To a nan sai a auna ƙarfin ƙashi, domin kusa ba ta zama a rubabben katako, kuma ƙashin da ya zaizaye yakan saki ƙarfen ko ya karye a samansa.

Idan kun koma, ku tambayi likitan a fili, cikin ladabi: gaɓa nawa zai taɓa, zai sa ƙarfe ko a'a, kuma me ya sa, sa'a nawa aikin zai ɗauka, leda nawa ta jini za a tanada, shin likitan barci da likitan zuciya za su ga Baba kwanaki kafin ranar, ba da safiyar ranar ba. Ki tafi da yayanku ya ji da kunnensa.

Tambaya: Likita, ni ma'aikaci ne mai ɗan sanin kwamfuta. An ce za a yi wa mahaifiyata, mai shekara 81, tiyatar baya. Na shigar da bayananta a manhajoji biyu da na samu a intanet masu lissafa haɗarin tiyata, sai ɗaya ta ba ni adadi, ɗayar kuma ta ba ni kusan ninkinsa. Wacce zan gaskata?
Daga wani mai karatu, Kaduna.

Amsa: Malam, mai yiwuwa duka biyun sun faɗi gaskiyarsu, tambayar da kowacce take amsawa ce ta bambanta. Wata manhajar tana ƙirga har ciwon sanyin mafitsara da ƙarin jini a matsayin matsala, wata kuwa sai manyan abubuwa kamar bugun zuciya da komawa ɗakin tiyata. Mafi shahara a cikinsu ita ce wadda Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta fitar a 2013, tana karɓar bayanai kusan 20 game da majinyaci, kuma kwana 30 na farko kawai take kallo. Ƙarfen da zai saki bayan wata shida ba ya cikin lissafinta, haka nan ba ta faɗin ko Hajiya za ta ji sauƙin ƙafarta, wanda shi ne dalilin tiyatar tun asali.

Ka kuma lura da ma'anar adadin. Idan manhaja ta ce kashi 10, tana nufin a cikin mutum ɗari masu kama da Hajiya a takarda, kimanin goma sun sami matsala. Ba ta san ko Hajiya tana cikin goman ko cikin casa'in ba. Masana suna gwada ingancin irin waɗannan ma'aunai ta hanya mai sauƙin fahimta: a ɗauko majinyata biyu, ɗaya ya sami matsala ɗaya bai samu ba, a ga sau nawa ma'aunin zai nuna wanda ya dace. Sau 50 cikin 100 canki-canka ne kawai. A tiyatar ƙashin baya, gajerun ma'aunan nan sukan faɗa tsakanin 60 da 70, ko sama da haka kaɗan, wato sun fi kintace amma ba da nisa ba. Ƙari a kan haka, 'yan shekara tamanin da ke cikin bayanan da aka gina manhajojin a kansu zaɓaɓɓu ne, su ne waɗanda likitoci suka riga suka ga za su iya. Masu raunin gaske an mayar da su gida, ba su shiga ƙirga ba.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne galibin irin waɗannan manhajoji an gina su ne a asibitocin Amurka da Turai. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani babban bincike da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta, wanda ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya da Nijar. Tiyata iri-iri ce, ba ta baya kaɗai ba. Majinyatan sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, matsalolin da suka samu ma ba su fi yawa ba, amma duk da haka mutuwa bayan tiyatar da aka shirya ta ninka ta matsakaicin duniya, kuma fiye da kashi 90 na waɗanda suka rasu sun rasu ne bayan ranar tiyata ta wuce. Ma'ana, matsalar takan taso a ɗakin kwanciya, ba a gano ta da wuri ba, ko an gano babu kayan ceto. Saboda haka tambayoyin da za su fi yi maka amfani babu su a manhaja: majinyata nawa nas ɗaya take kula da su da dare, akwai iskar shaƙa da gadon kulawa ta musamman idan an buƙata, kuma wane likita ake kira da ƙarfe biyun dare. Ka buga takardun biyu ka kai wa likitan Hajiya, ku tattauna a kansu.

Tambaya: An yi wa surukata tiyatar baya, aikin ya yi kyau, amma a dare na biyu ta rikice, tana fizge robar hannunta, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, ba ta gane ɗanta ba. Wasu dangi sun ce iska ce. Bayan mako guda ta dawo hayyacinta. Shin da ana iya sanin haka zai faru? Ina tambaya ne domin ƙanwarta ma tana jiran irin wannan aiki.
Daga wata matar aure, Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jinya. Abin da kika bayyana sanannen abu ne a wurin likitoci, yana cikin matsalolin da suka fi samun tsofaffi bayan babbar tiyata, kuma yadda kika faɗa haka yake zuwa: cikin kwanakin farko, ya fi tsanani da dare, ya lafa ya dawo. Addu'a ba ta taɓa yin yawa ba, amma a haɗa ta da kiran likita nan take, domin sau da yawa akwai abin da ya tayar da shi, kamar zazzaɓi, ƙarancin iska a jini, fitsarin da ya taru, gishirin jiki da ya sauka, zafin ciwo, ko wani magani. Akwai ma nau'in da ya fi wannan ɓoyewa, inda tsohuwa za ta yi shiru tana ta barci, dangi suna murna wai tana hutawa.

Ana iya hango shi gwargwado. Babbar alama ita ce mantuwar da ta riga ta fara a gida, wadda iyali suke ɗauka tsufa ne kawai: maimaita tambaya ɗaya, ɓacewar lissafin kuɗi, rikita sunayen jikoki. Raunin gani da ji, rama, da yawan magunguna suna ƙara haɗarin. Gwajin da aka saba yi shi ne a faɗa wa mutum kalmomi uku, a sa shi ya zana fuskar agogo, sannan a tambaye shi kalmomin. Zanen agogo bai dace da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, za ta faɗi gwajin alhali hankalinta garau yake. Ni nakan sa irinsu su jero kwanakin mako daga ƙarshe zuwa farko, in kuma saurari wadda take kwana ɗaki ɗaya da ita.

Game da ƙanwar, akwai abin yi. A 1999 wata likita mai suna Sharon Inouye ta nuna a asibitin Jami'ar Yale cewa matakai marasa tsada sun rage wannan rikicewa daga kashi 15 zuwa kusan kashi 10 a cikin tsofaffin da aka kwantar. Galibinsu mai jinya ce take yin su: a sa mata tabaranta, a buɗe labule da rana a rage hayaniya da dare, a riƙa gaya mata inda take da lokacin kowace salla, a ba ta ruwa, a tayar da ita zaune da tafiya da zarar likita ya yarda. Kada a ba ta maganin barci irin diazepam ko maganin mura mai sa gyangyaɗi ba da sanin likita ba, kuma fuska ɗaya da ta saba da ita ta fi cincirindon 'yan dubiya.

Tambaya: Idan awo ya nuna haɗarin ya yi yawa, shi ke nan sai a haƙura?
Daga wani dattijo, Gusau.

Amsa: Ranka ya daɗe, ya danganta da ciwon. Tsukewar ƙugu mai sa sagewar ƙafa ba ta cika gaggawa ba, ana iya ɗaukar makonni ana gashi, ana gyara abinci da suga da jini, a bar taba, sannan a sake awo, domin raunin jiki yakan ragu idan an kula da shi. Wasu kuma allura a baya ko keken turawa mai wurin zama yakan ishe su. Sai dai zaman ma yana da nasa haɗarin, tsohon da ya daina tafiya tsokarsa zubewa take yi da sauri.

Akwai kuwa lokutan da lissafin yake juyawa gaba ɗaya. Idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, idan tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu, idan ƙafa tana rasa ƙarfi daga jiya zuwa yau, ko tsoho ya faɗi ya bugi kai wuyansa ya riƙe, to a kai shi asibiti mai likitan ƙashin baya ko na ƙwaƙwalwa a ranar, ko da tsakar dare ne, kuma mai ciwon wuyan a ɗauke shi a kwance ba tare da an lanƙwasa wuyan ba.